Hannun da Aka Ɗaure wa Yazid

Tun Yazid yana ɗan yaye aka fara yaƙi da hannunsa na hagu. Da ya miƙa shi cikin akushi sai ubansa, Bawa mahauci, ya kai masa duka da abin da ya fi kusa, ko ludayi ne ko kuben wuƙa. In an ba shi abu ya karɓa da hagu, a fizge a haɗa masa da ranƙwashi. Akwai ranar da Bawa ya sa aka ɗaure masa hannun a ƙugu da tsumma tun safe har magariba, wai don ya koyi cin tuwo kamar ɗan mutane. Yaron ya ci tuwon da dama, rabi a baki rabi a riga, ana kwance shi kuma ya koma gidan jiya.

Da aka sa shi makarantar boko a nan Bungudu sai abin ya zama biyu. Haruffa ba sa tsaya masa wuri ɗaya. In ya zuba wa allo ido sai ya ga sun fara musayar wuri, wannan ya juya baya, wancan ya hau kan ɗan'uwansa, kafin ya kamo farkon layi 'yan aji sun kai ƙarshe. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake gani. A wancan zamani ciwo irin wannan sunansa ɗaya, daƙiƙanci, maganinsa ma ɗaya, bulala. Malamin ajinsu yakan sa shi ya dunƙule yatsu ya ɗora a kan benci, ya bi gaɓoɓin da gefen rula har su fashe, sa'an nan ya ce ya ɗauki fensir da dama ya sake rubutawa. Ƙannensa suka tarar da shi a aji suka wuce. Yazid ya tsani makarantar nan har cikin ransa, kuma ya yarda da abin da kowa ke faɗa masa, cewa kansa ba ya ja.

Da Bawa ya gaji da jin kunya sai ya cire shi ya kai shi mahauta. Can ɗin ma ba a ba shi wuƙa ba, don wa zai ci yankan bahago? Aikinsa ɗaukar fata da wankin hanji. Amma in an tashi, ya rage shi kaɗai, sai ya tsinci gawayi a murhun masu tsire ya fuskanci bangon mahautar. Abin da ya gagare shi a takarda ba ya gagararsa a nan. Bijimin da aka yanka da safe zai dawo da shi a bango da tozonsa da karkataccen ƙahonsa, har mai shi ya zo ya tsaya ya ce wallahi sansa ne.

A shekarar da aka yi jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, shaguna suka fara tsirowa ko'ina, kowanne yana neman allon suna. Wani mai rubuta irin allunan nan, Yakubu, mutumin kudancin Kaduna, ya tsaya sayen nama a Bungudu ya ga bangon. Ya tambaya aka nuna masa Yazid a tsugune cikin ruwan tumbi. Bawa bai yi gardama ba da aka roƙe shi yaron. Cewa ya yi a tafi da shi, in ya iya ko da sharar rumfa ce an rage masa baki ɗaya.

A rumfar Yakubu ne aka fara miƙa wa Yazid abu ya karɓa da hagu ba wanda ya ɗaga kai. Suka raba aiki, maigidan ya yi rubutu, shi ya yi hoto. Ba a daɗe ba Yazid ya lura da abin da masu ilimi ba su lura da shi ba, don shi abin ya shafa: yawancin masu shigowa kasuwa daga ƙauyuka ba su karanta allunan nan, wucewa suke yi suna tambaya. Sai ya samo guntayen katako ya zana taya, da keken ɗinki, da buhun taki, da haƙori mai tsutsa, ya riƙa bin shaguna yana nuna wa masu su. Ya ce musu allon da ba ya buƙatar karatu shi ne allon kowa. Wasu suka yi dariya, wasu suka gwada, waɗanda suka yi dariyar suka biyo baya. Kafin shekara biyu, in mutum ya zo rumfar ya tarar da Yakubu shi kaɗai, sai ya gaishe shi da ladabi ya ce ina Bahagon nan yake.

Da abin ya tsaya nan da babu labari. Wata rana yana zanen ƙofar wata mota a tashar Gusau sai wani ɗan kamasho, ƙato mai jan ido, ya ce ya tare masa hanya. Bai jira amsa ba ya yi ƙwallo da gwangwanin fenti, ya kira shi jakin Bungudu. Yazid ya sha jin kalmar nan tun yana ƙarami, amma ranar ta sauka a wurin da bai warke ba. Bai san lokacin da hannunsa na hagu ya tashi ba. Ƙaton ya tafi da baya ya zube cikin fentin da ya zubar, muƙamuƙinsa a goce, sai da aka yayyafa masa ruwa. Direbobi kuwa ba su iya riƙe labari, kafin la'asar ya isa Bungudu har da ƙarin gishiri.

Gidan Bawa gidan dambe ne, kamar gidajen mahauta da yawa. Shi kansa ya yi tashe a zamaninsa, makaɗa sun san kirarinsa. Bayansa babban ɗansa Rabi'u ya ɗauka, ya yi ta kisa, wato kayar da maza, daga Mada har Talatar Mafara, har ranar da ya kai naushi ya samu goshin wani. Ƙasusuwan hannun suka farfashe a cikin ɗauri. Aka yi ɗori, aka sake, hannun ya warke a ƙanƙame kamar ƙafar kaza. Yanzu Rabi'u ba ya iya riƙe wuƙa, ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, sai dai ya zauna gefen teburin ubansa yana korar ƙuda. Tun daga nan makaɗa suka daina tsayawa ƙofar gidan, wannan kuwa ya fi ciwon Rabi'u cin ran Bawa.

Sai ga Bawa a rumfar Yakubu, shi da bai taɓa takowa ba. Ya kama hannun Yazid na hagu yana jujjuyawa yana matsa damtsen, kamar yadda yake duba bijimi a kasuwar shanu. Hannun da ya kwashe shekaru yana duka, yau shi ne abin lallashi, don a filin dambe bahago abin tsoro ne, naushinsa daga inda ba a saba ba yake fitowa.

“Ashe Allah bai yi ka a banza ba,” in ji shi. “Wanga hannu na dambe na. In an ƙare girbi za ka shiga hili a Tsahe.”

“Baba, da shi nika sana'a. In ya karye fa?”

“Sana'a? Shahe-shahen bango?” Bawa ya saki hannun. “In ka ƙiya sai na yi ma baki. Ka san ni.”

Yakubu ya so ya sa baki, Bawa ya dube shi sau ɗaya, sai Yakubu ya koma kan allonsa. Yazid kuwa ya san ubansa. Zai iya jure bulala, ya saba, amma bakin uba abu ne da ko mahaukacin tasha yake tsoro. Ya ce to.

A daidai wannan lokaci ne wani mai motocin ɗaukar kaya a Tsafe, Alhaji Abdullahi, ya aiko a kira masa Bahago, shi kaɗai ba tare da maigidansa ba. Ya sayi sabuwar gingimari, yana son a zana masa bayanta da abin da za a riƙa nuna motar da shi a hanya, ya ce ya bar wa Yazid zaɓi. In aikin ya yi kyau sauran motocinsa ma nasa ne. Yakubu da kansa ya ce masa wannan ita ce ƙofar rumfarsa ta kansa, kada ya yi wasa da ita. Yazid ya je ya goge katakon, ya shafa farin fenti na ƙasa, ya bar shi ya bushe. Daga inda motar take ajiye ana hango filin da za a yi damben.

A Bungudu kuwa Bawa ya sa Yazid ya dawo kwana a gida, ya rataye masa buhun yashi a bishiyar tsakar gida. Kullum in Yazid ya dawo sai ya daka shi da hagu har gaɓoɓin su yi jini, uban yana tsaye da tsumagiya don ranar da ya sassauta. Da safe in ya ɗauki buroshi sai ya ga bakin buroshin yana rawa, layin da yake ja da numfashi ɗaya ya koma sai ya tsaya ya huta. Da ranar ta matso aka kawo wani tsoho mai magani. Mutum biyu suka danne Yazid, tsohon ya bi hannun da reza daga wuyan hannu zuwa gwiwa yana tsagawa, jini na bin yatsu yana ɗiga, ya cusa wani baƙin gari mai raɗaɗi kamar barkono. Hannun ya kumbura ya yi suntum. Kwanaki Yazid bai iya riƙe ko cokali ba, ya zauna a zaure kusa da Rabi'u, kowa da hannunsa a cinya. A nan ne tsoro na gaske ya kama shi, don ya ga yadda sauran rayuwarsa za ta kasance, kuma ga ta nan zaune a gefensa tana korar ƙuda.

Kumburin ya saɓe kafin ranar. Bayan la'asar fili ya cika a Tsafe, kalangu na tashi, 'yan dambe na zagayawa suna kirari. An haɗa Yazid da wani Bashar na Magami, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ba ya dariya ko a gidan biki. Bawa ya sha babbar riga ya zauna a layin manya kusa da makaɗa, yau ga kirarinsa ya dawo, har yana ɗaga hannu. Ɗaurin hannu sai ya bar wa Rabi'u, don duk gidan ba wanda ya kai shi sanin yadda ake naɗa ƙyalle a bi shi da igiya har dunƙulen ya yi tauri kamar dutse, ko da yake yanzu da hannu ɗaya da haƙori yake ja.

Suka koma bayan wata bukka. Rabi'u ya warware igiyar ya ce ya kawo hannun. Yazid ya miƙa masa na dama.

Rabi'u ya dubi hannun, ya dubi ƙanensa. A dambe hannu biyu ne, kowanne da aikinsa: wanda aka ɗaure shi ne mashi, da shi ake naushi, ɗayan kuma garkuwa, shi ake miƙawa gaba a buɗe yana tare duk abin da ya taho. Ya ce masa a hankali in aka ɗaure dama, hagun ne zai zama garkuwa, kuma yatsun garkuwa sun fi saurin karyewa.

“Na sani, Yaya. Ɗaure dai.”

Rabi'u ya naɗa ƙyallen. Ya sa haƙori ya ja igiyar, ya ɗaure ta da kyau kamar yadda zai ɗaure wa mai niyyar kisa.

Da suka fito tsakiyar fili, kafin kowa ya gane abin da ke faruwa, Yazid ya mai da hannun hagu baya ya cusa shi cikin ƙugun wandonsa, ya damƙe mazagin. Ya tsaya gaban Bashar da fuska a buɗe, da wani dunƙulen dama da bai taɓa kashe ko sauro da shi ba. Sai aka fashe da dariya. Bashar ya ɗauka raini ne ko wani asiri, ya zagaya shi yana dubawa, da ya ga ba komai sai ransa ya ɓaci.

Naushin farko ya sauka a kan ido. Yazid ya ga wuta, ƙasa ta karkata, ya turje. Na biyu ya samu hanci, ya ji ƙarar abin a cikin kansa, jini ya ɓalle masa har ƙirji. Ya kai nasa da dama, ya tafi a banza kamar mai korar kaza, aka sake yin dariya. Jikinsa duk yana roƙonsa ya fito da hannun nan ya kare fuskarsa, hannun da kansa yana fizga, shi kuwa ya ƙara damƙe mazagin har farcensa ya shiga tafinsa. Ta cikin kalangu yana jin muryar ubansa, ta tashi daga kirari ta koma ihu, yana cewa ya fito da garkuwa, ya fito da hagun, ɗan banza. Aka raba su, aka sake haɗawa. Masu dariya suka fara yin shiru, don abin ya daina kama da wasa. Wata tsohuwa mai sai da fura ta ce a raba su mana, kashe yaron nan za a yi.

Bashar ya ja baya ya auna, ya kawo wanda ya tara ƙarfinsa duka a ciki, ya same shi a gefen baki. Ƙafafun Yazid suka saki. Duk wanda zai faɗi hannu yake kaiwa ƙasa, ko jariri ya san wannan. Yazid ya ga ƙasa tana tahowa, ya bar hannun inda yake, ya tare ta da fuska. Haƙoransa biyu na gaba a nan ya bar su.

Bai gama dawowa hayyacinsa ba ya ji an fizgo hannun daga bayansa an shimfiɗa a ƙasa, an taka wuyan hannun da takalmi. Da idon da ya rage masa ya ga ubansa a kansa, babbar riga ta zame, ya fizgi gora daga hannun wani Bafulatani ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Bawa yana kuka, kuka na gaske da hawaye, yana cewa tunda hannun ya fi ƙarfin gidansu to ba zai amfani kowa ba. Yazid ya yi ƙoƙarin janyewa, ina, ko yatsa bai iya motsawa ba. Ya ga fentin da ya maƙale a gefen farcensa, shuɗi, ya rufe ido.

Gorar ta sauka, ya ji ƙarar ƙashi, amma bai ji zafi ba. Da ya buɗe ido sai ya ga ƙanƙamammen hannun Rabi'u a kan nasa, yatsa ɗaya ya juya inda yatsa ba ya juyawa. Rabi'u yana durƙushe, gumi na zuba, bai janye ba.

“Wanga ya riga ya mutu, Baba,” in ji shi. “Ƙara mai, in ba ka huce ba.”

Bawa ya tsaya da gorar a hannu. Jama'a suka zuba masa ido, kowa na jiran bakin da zai yi wa ɗansa. Ya buɗe baki, ya dubi hannuwan nan biyu a ƙasa, ya rufe. Da ya sake buɗewa abin da ya fito kawai shi ne kada Yazid ya sake taka masa ƙofar gida. Ya yar da gorar ya ratsa mutane ya tafi, makaɗa suka buɗa masa hanya ba wanda ya taɓa ganga.

Yazid bai koma Bungudu ba. A gidan Alhaji Abdullahi ya yi jinya a ɗakin direbobi, yana shan kunu ta gefen baki. Idon bai gama buɗewa ba ya sa aka ɗora masa benci a bayan gingimarin. Da ya ɗauki buroshi ya ja layin farko ya ga ya tafi santal ba rawa, sai ya sauko ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a fili ba. Sa'an nan ya hau ya ci gaba.

Ɗan dambe ya zana, tsaye a tsakiyar fili, mashi a ɗage, garkuwa a miƙe, makaɗa a bayansa. Jikin na saurayi ne, amma duk wanda ya taɓa sayen nama a bakin titin Bungudu ya san goshin nan da tabon girar nan. Yazid ya daɗe yana jin haushin kansa a kan wannan zaɓi, ya rasa dalili, fuskar da hannun ya fi sani ke nan. Babu harafi ko ɗaya a jikin motar, amma kafin wata ya ƙare 'yan tasha daga Funtuwa har Sakkwato sun sa mata suna Bawa na Bungudu. Alhaji ya cika alkawari, Yazid ya kafa rumfarsa a Gusau kusa da ta Yakubu, yana aiki yana dariya da giɓinsa.

Hanyar Sakkwato kuwa ta gaban teburin Bawa ta bi. Duk mako motar za ta wuce da kaya, yara su bi ta suna kiran sunansa, shi kuma ya duƙufa kan nama kamar bai ji ba. Rabi'u ne ke kawo wa Yazid labari in ya shigo Gusau, da hannunsa a naɗe cikin tsumma. Ya ce tsohon bai taɓa ɗaga kai ba, bai kuma taɓa ambaton sunansa ba.

Rannan, ana gab da shiga damina, Rabi'u ya zo ya zauna a bencin rumfar ya daɗe yana kallon aiki. Can ya ce jiya motar ta yi faci a Bungudu, daidai mahauta. Baba ya bar nama a tebur ya je ya tsaya a bayanta har aka gama ɗaura taya. Sai da ta tashi ya dawo yana goge wuƙa.

Yazid ya tsayar da buroshi. “Mi ya ce?”

“Ya ce garkuwar ta yi ƙasa. Wai shi bai taɓa tsayuwa haka ba, wanda ya zana ta bai san garkuwa ba.” Rabi'u ya gyara tsumman hannunsa. “Ya ce in hwaɗa maka ka zo gida ya gwada ma yadda ake miƙa ta, ka gyara mai abinai.”